Kwana 20 babu tudu: rayuwa a ƙaramin jirgin iska a tsakiyar Atlantika

Wani matashi daga unguwar Birni a nan Damagaram ya aiko da tambaya: "Kawu, na ji an ce ka yi aiki a ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska. Ina ganin bidiyon mutum uku ko huɗu suna tsallake teku a ɗan jirgin da bai fi bas girma ba. Me suke ci, ina suke kwana, da dare tsayawa suke yi? Kuma mutum irina zai iya?"

Ɗana, bari in fara da maganar dare, domin duk sauran a kanta suka rataya. Ba a tsayawa. Babu ma wurin tsayawa, don zurfin ruwa a tsakiyar Atlantika yana kai mita 4,000 zuwa 5,000, babu sarƙar anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, da za ta taɓa ƙasa. Daga ranar da jirgi ya bar tasha har ranar da ya hango tudu tafiya yake, dare da rana, kuma a kowane lokaci dole a samu mutum ɗaya da idonsa biyu a waje. Masu ɗaukar bidiyo sun fi son nuna guguwa da faɗuwar rana. Ni abin da na gani yana kai mutane gaci lafiya shi ne barci mai tsari, tattalin ruwa, da iya zama da mutane a ƙuntataccen wuri.

Hanyar da aka fi bi tana nan yamma da mu. Ana tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari, ko daga Mindelo a tsibiran Kap Ber, a nufi tsibiran Karebiyan. Daga Las Palmas zuwa Sent Lusiya, ɗaya daga cikin tsibiran Karebiyan, kusan mil 2,700 ne na teku, kowane mil kuwa mita 1,852, wato wajen kilomita 5,000. Jirgi mai tsawon mita 10 zuwa 12 yana gudun kilomita 9 zuwa 11 a awa. In ka tara na yini da dare za ka samu kusan kilomita 240, kamar daga nan zuwa Maraɗi. Haka za a yi ta yi har kwana 18 zuwa 21. Wanda ya tashi daga Mindelo yakan yi wajen sati biyu. Tun 1986 ake wani gangami duk shekara mai suna ARC, inda jirage fiye da 100 ke tashi tare daga Las Palmas a ƙarshen Nuwamba. Lokacin ba zaɓin son rai ba ne. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba lokacin manyan guguwoyi ne a wancan ɓangaren, bayan nan kuma iskar arewa maso gabas tana daidaita, ta riƙa tura jirgi daga baya. Tsofaffin matuƙa suna cewa ka yi kudu har man shanu ya narke, sannan ka juya yamma. Man dizal ɗin da ke cikin tanki ba zai kai ka ko rabin hanya ba, na shiga tasha ne da cajin batir, saboda haka iska ce abin hawan.

To, gadi. In mutum huɗu ne, yawanci kowa yana riƙe awa 3, ya huta 9, ko a yi bibbiyu da dare in yanayi ya ɓaci. In uku ne, awa 3 a waje, 6 a ciki. In biyu ne kawai, miji da mata misali, to babu wanda zai yi barcin da ya wuce awa 3 ko 4 a jere har a isa, kuma wannan wahala ce ta gaske. Mai gadi ba tuƙi yake yi da hannu kullum ba. Akwai na'urar tuƙi mai aiki da lantarki, akwai kuma wadda iska ce ke sarrafa ta, ba ta cin batir ko kaɗan. Aikin mai gadi ido ne da kunne. Wanda ke zaune a bayan ƙaramin jirgi, idonsa bai fi mita 2 daga saman ruwa ba, iyakar ruwan da yake gani wajen kilomita 5 ne. Babban jirgin kwantena ana hango fitilunsa daga nesa da haka saboda tsayinsa, amma yana gudun da ya haura kilomita 30 a awa, kuma daga lokacin da ka fara ganinsa zuwa lokacin da zai iso kanka ba lallai ya wuce minti 20 ba. Shi ya sa duk minti 10 zuwa 15 sai ka miƙe, ka duba gabas, yamma, kudu da arewa, har ka leƙa ta ƙarƙashin ƙyallen gaba, wato zanen da iska ke bugawa ta tura jirgi, inda yake tare maka gani. Akwai na'urar AIS da ke nuna sunan jirgin da ke kusa da inda ya dosa, amma ba kowane jirgin kamun kifi ne ke kunna tasa ba. Kana iya kwana 5 ba ka ga kowa ba, kuma a nan haɗarin yake, don zuciya takan ce maka yau ma babu kowa. Barci ɓarawo ne, ya fi zuwa tsakanin ƙarfe 2 da 4.

Akwai ladabin karɓar gadi, kuma ina ɗaukarsa da muhimmanci ƙwarai. Ana tashin mai karɓa saura minti 10, a hankali, da taɓa ƙafa ba da haske a fuska ba. Mai sauka ya ɗora masa ruwan shayi. Shi kuma mai karɓa ya fito a kan lokaci, sanye da rigar ceto da igiyarsa. Sai a gaya masa inda aka dosa, ƙarfin iska, ko an rage ƙyalle, ko akwai wani hadari ko wata fitila da ake sa wa ido. A rubuta a littafin jirgi: lokaci, wuri, ma'aunin nauyin iska, ƙarfin batir, da ko ruwa ya taru a ƙasan jirgi. Mutumin da ke makara minti 10 kowane dare yana cin barcin ɗan'uwansa, kuma babu abin da ke lalata zumunci a teku da sauri kamar wannan.

Abin da bidiyo ba ya iya nuna maka shi ne girgiza. Idan iska na bayanka, jirgi yana kwanciya dama ya kwanta hagu, duk 'yan daƙiƙoƙi, sati uku babu hutu, a kan raƙuman ruwa masu tsayin mita 2 zuwa 3. Gadon kwana ɗan siriri ne, da wani zane mai kauri da ake ɗaurewa a gefe don kada ka mirgino. Kana cusa matashi da jakar tufafi a bayanka har jikinka ya daina motsi, sannan barci ya samu. Cokali ɗaya da ke ƙara a cikin aljihun tebur zai iya hana mutum uku runtsawa, sai an tashi an nemo shi an naɗe da tsumma. Kofin da ka ajiye ka juya baya ya tafi. Ƙa'idar ita ce hannu ɗaya na aiki, ɗaya na riƙo. Kwana 2 ko 3 na farko yawancin mutane suna fama da jiri da tashin zuciya, har da waɗanda suka daɗe a aikin. Ana shan magani tun kafin a tashi, ana tauna citta, ana zama a waje ana kallon inda sama ta haɗu da ruwa. Wanda amai ya kama a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, kada a bar shi shi kaɗai a bakin jirgi. Bayan nan jiki yakan saba, yunwa ta dawo da ƙarfinta.

Ruwan sha shi ne dukiyar jirgi. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, wanda ya sha ƙishirwa za ta ƙaru masa, ƙoda kuma ta wahala. Tankunan ƙaramin jirgi suna ɗaukar lita 200 zuwa 400, ana ƙarawa da bido-bido da robobin ruwa a ɗaure, don in tanki ya fashe ko ya gurɓata a samu na tsira. Ana lissafa wa kowa lita 2 zuwa 3 na sha a rana, sai ɗan na girki. Wasu jiragen suna da injin tace gishiri, amma kyaftin mai hankali yana ɗaukar ruwan da zai ishe shi ko da injin ya mutu a rana ta uku. Kwanuka da ruwan teku ake wanke su, a ɗauraye da kofi ɗaya na mai daɗi. Wanka ma haka: guga daga teku, sabulu na ruwa don na gari ba ya kumfa a gishiri, sannan lita ɗaya a buta ka cire gishirin daga jikinka, in ba haka ba ƙuraje su fito maka a mazaunai da gwiwar hannu. A wannan fannin ɗan Damagaram da ya tashi yana jiran famfo da 'yan garuwa ya riga abokan tafiyarsa sanin darasin.

Na san za ka so jin maganar salla. Alwala ba ta cin ruwan sha ko ɗigo. Malaminka zai tuna maka hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda wani mutum ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna hawa teku da ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi za su ji ƙishirwa. Aka amsa masa cewa teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Alƙibla daga tsakiyar wannan hanyar tana gabas ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 70 a kamfas, kusan yadda take a nan garin. Tunda yamma jirgi ya dosa, bayansa kake fuskanta. Malaman da na tambaya sun ce in tsayuwa ta yiwu a tsaya, in ana tsoron faɗuwa a zauna, kuma matafiyi yana da sauƙin ƙasaru. Lokaci kuwa da rana ake duba shi, domin kullum kana matsawa yamma, faɗuwar rana tana ƙara jinkiri da wajen minti 9. Duk digiri 15 da aka matsa yamma a taswirar duniya ana mayar da agogon jirgi baya da awa ɗaya. Ranar da ka isa Sent Lusiya kana bayan Nijar da awa 5. In da Turawa za ka yi tafiya, ka yi maganar naman alade da giya tun a tasha, lokacin sayayya, cikin mutunci. Yawancinsu suna girmama mai faɗin abinsa a fili, kuma kyaftin da yawa ba sa barin a sha giya sam sai an isa.

Murhun gas yana rataye ne a kan ƙarfe biyu, yana lilo don tukunya ta zauna daidai ko jirgi ya karkata, da wasu maƙalai da ke riƙe ta. Duk da haka ƙuna ita ce raunin da na fi tsoro a kicin, shi ya sa mai girki yakan sa wandon roba ko da zafi ake, kuma tukunya mai murfin kullewa ta fi kowace amfani. Satin farko ana cin ɗanye: tumatir, ganye, nama in akwai firji. Ayaba duk rana ɗaya take nuna. Albasa, kabewa, kabeji, dankali da lemun tsami su ne ke kai ƙarshe. Ƙwai ana juya shi duk bayan kwana biyu don ya daɗe. Kwali ba ya shiga jirgi, saboda ƙwan kyankyaso. Daga sati na biyu sai shinkafa, taliya, wake, abincin gwangwani, da burodin da ake gasawa a ciki. Abincinmu na gida ya dace da wannan tafiya fiye da yadda kake zato: kilishi, dambun nama, garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, busasshen zogale, kuka da yaji, duk suna jurewa in an rufe su da kyau daga danshi. Ana jan ƙugiya a baya, wani lokaci a kama wani kifi mai launin zinariya da kore da Faransawa ke kira dorad, wanda zai ciyar da mutum huɗu kwana biyu. Tun wajen 2011 wata ciyawar ruwa mai suna sargas ta yawaita a hanyar, tana maƙale wa ƙugiya da allon da ke juya jirgi a ƙarƙashin ruwa. Da asuba kuma za ka tarar da kifaye masu fukafuki sun faɗo cikin jirgi da dare, a tsince su a soya. Abinci ɗaya a rana, yawanci kafin magariba, kowa da kowa ake haɗuwa a ci tare. Kada ka raina wannan zaman, a nan ake ganin fuskar wanda ya fara gajiya ko ya fara riƙe wani a zuciya.

Sauran yini gyara ne. Kowace safiya mutum ɗaya yana zagaya jirgi yana shafa igiyoyi, domin igiyar da ke gogar ƙarfe sau dubbai a rana sai ta tsinke. A duba ɗinkin ƙyalle, a duba kusoshi, a duba ko sola ta cika batir. Bayi famfon hannu ne, ba a jefa masa komai. Leda da roba ba a zubar da su a teku, dokar duniya ta hana, ana wanke su a matse a ajiye har tudu.

Ga abin da ke sa gaban sabon shiga ya faɗi. Ƙarfe 3 na dare kana gadi, taurari sun cika sama. Ka waiwaya baya sai ka ga wani yanki ya yi baƙi ƙirin, taurarin wurin sun ɓace. Iska ta ɗan yi sanyi a wuyanka. Wannan ƙaramin hadari ne, kuma cikin 'yan mintoci iskar da ke busawa a hankali za ta iya ninkawa. Ba ka jira ka gani. Ka buga wa na ciki, ya fito da fitilar goshi mai jan haske, ɗaya ya riƙe sitiyari, ɗaya ya naɗe ƙyallen gaba ya rage babba. Sai ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, jirgi ya zabura, ba ka ganin ko gabansa. Minti 20 ko 30 ya wuce, taurari su dawo, ku kuna jiƙe sharkaf. Matuƙa suna cewa lokacin rage ƙyalle shi ne lokacin da tunanin ya fara zo maka. A irin wannan yanayin ne kuma sandar da ke ƙasan babban ƙyalle take iya wulwulowa daga gefe zuwa gefe in iska ta shiga ta bayanta, kuma ta kashe mutane. Ana ɗaure ta da igiya ta musamman, kai kuma ba ka taɓa sa kanka a hanyarta.

Faɗawa ruwa ya fi guguwa kisa. Kan mutum a cikin raƙuman ruwa da dare ba ya ganuwa, jirgi kuma yana yin gaba da kusan mita 3 a kowace daƙiƙa. Saboda haka da dare, ko in kai kaɗai ne a waje, igiyar rigarka tana maƙale da jirgi tun kafin ƙafarka ta fito daga ƙofa. Ba ka zuwa gaban jirgi sai wani yana kallonka. Ba a fitsari a tsaye a bakin jirgi. Akwai kwale-kwalen ceto mai hura kansa, akwai na'urar EPIRB da ke aika kiran neman agaji ta tauraron ɗan Adam, akwai wayar tauraro, yanzu ma wasu suna da intanet na Starlink. Amma a tsakiyar hanya jirgi mai saukar ungulu ba ya isowa. Wanda zai zo shi ne jirgin kaya mafi kusa, kuma yana iya ɗaukar yini ɗaya ko biyu. Ciwon haƙori, karaya ko ƙuna, ku ne likitocin kanku da akwatin magani da shawarar likita ta waya.

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mutum huɗu a wurin da bai kai ɗaki da falo ba, babu inda za ka fita ka sha iska. Na taɓa tafiya da wani kyaftin da ya iya teku sosai amma ba ya iya gyara wa mutum kuskure sai da tsawa. Kafin mu kai rabin hanya yaran sun daina tashinsa in sun ga abin da ba su gane ba, don gudun faɗa, kuma wannan ya fi kowane hadari haɗari. Kyaftin na ƙwarai shi ne wanda za ka tashe shi sau uku a dare a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ya ce maka ka kyauta.

Akwai daɗi, kada in ɓoye maka. Sent Lusiya tana wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, Damagaram ma haka, saboda haka samaniyar da ka sani ce ke rakiyarka: Kaza da 'Ya'yanta a daren hunturu, tauraron arewa kuma, in kun kusa isa, a daidai tsayin da kake ganinsa a gida. Ruwan da jirgi ke tsagawa yana ƙyalli da dare saboda wasu ƙananan halittu masu ba da haske. A kusa da Kap Ber kuma za ka ga igiyoyi da ƙyalle sun yi ja-ja ta gefen da iska ke bugowa. Ƙurar hunturu ce daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na Cadi, irin wadda ke rufe mana gari da hazo a Janairu.

Dole in faɗi wani abu, domin na san abin da ke zukatan matasanmu. Duk abin da na bayyana maka jirgi ne da aka ƙera don wannan tafiya, mai nauyin ƙarfe a ƙasansa da ke miƙar da shi in ya kwanta, da ruwa da abincin da aka lissafa. Ba shi da alaƙa da kwale-kwalen katako da ake cusa mutane a ciki daga gaɓar Senegal ko Muritaniya zuwa Kanari. Iskar nan da ke tura mu yamma, in injin kwale-kwale ya mutu ita ce ke janye shi daga tudu. A watan Mayun 2021 masunta a Tobago, can Karebiyan, suka tsinci wani kwale-kwale da ya taso daga Muritaniya, babu mai rai ko ɗaya a ciki. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. In wani ya yi maka tayin wannan hanyar, ina roƙonka don Allah ka ƙi.

Za ka iya kuwa? Za ka iya, ba a haifi kowa da sanin teku ba. Ka fara koyon iyo sosai. Faransancinka jari ne, don jiragen Faransawa suna da yawa a wannan hanya, ka ƙara da ɗan Turanci. Ka riƙe sana'ar hannu: wanda ya iya gyaran injin dizal, haɗa sola da batir, ɗinki mai ƙarfi ko girki, ana nemansa. In aikin albashi kake so, ana buƙatar takardar horon kariya ta STCW. A Dakar akwai kulob ɗin masu jiragen iska a gaɓar Hann, inda matafiya ke yada zango, a Las Palmas da Mindelo kuma daga Oktoba zuwa Disamba ake neman abokan tafiya. Fasfo da biza su zama a hannunka tun daga gida, har da na ƙasar da za ka sauka, kuma ka tanadi kuɗin tikitin dawowa don jami'an can sukan tambaya. Ka fara da gajeriyar tafiya ta kwana 3 ko 4, kamar daga Dakar zuwa Kap Ber, ka ga yadda cikinka da halinka suke. Kafin ka amince da kowane kyaftin, ka roƙe shi ya nuna maka kwale-kwalen ceto da ranar da aka duba shi, na'urar EPIRB, yawan litar ruwa, da yadda zai raba gadi. In ya nuna maka su ba tare da ya ɓata rai ba, sai ku yi maganar ranar tashi.